Kafin Linzami: Dawakan Zamanin Ƙanƙara da Mutanen da Suka Farauce Su

A gefen garin Schöningen da ke jihar Niedersachsen ta ƙasar Jamus, dab da inda iyakar Jamus ta Yamma da ta Gabas take a da, akwai wani makeken rami da aka yi shekara da shekaru ana haƙar kwal a cikinsa. A lokacin, ƙasar ake yayewa daga sama, manyan injuna suna cinye ta hawa-hawa. Daga 1983 wani masanin binciken kufai mai suna Hartmut Thieme ya riƙa shan gaban waɗannan injuna shi da 'yan ma'aikatansa, suna tsame abin da za su iya tsamewa kafin haƙoran ƙarfe su iso. A 1994 suka ci karo da wata sanda mai tsini a kai biyu. Da shekara ta zagayo sai ga mashi, na itace zalla, kwance cikin laka a tsakiyar ƙasusuwan dawaki. Kafin ƙarshen 1998 sun fito da mashi takwas.

Itace ba ya jure zaman ƙasa, ruɓewa yake yi, shi ya sa kusan duk abin da ya rage mana na mutanen farko dutse ne da ƙashi. A nan kuwa gaɓar wani tsohon tafki ce, taɓo ya rufe kayan ya hana iska shiga, ruwa kuma bai taɓa janyewa daga wurin ba. Ga mashin nan har da sawun kankara a jikinsa. Mafi gajarta mita 1.84 ne, mafi tsawo mita 2.53, kauri kuwa bai kai santimita 5 ba. Kusan duka da itacen sifurus aka yi su, wani itace na ƙasashen sanyi, kuma ba kowane sifurus ba: siririn da ya girma a hankali, wanda namansa ya tsuke ya yi tauri. Mai sassaƙar ya feƙe tsinin ta wajen gindin itacen, inda ya fi ƙarfi, ya kuma kauce wa tsakiyar nan mai laushi don kada tsinin ya karye. Nauyin mashin ya rinjaya gaba, yadda idan an jefa shi zai tafi da kai. A 2019 Annemieke Milks da abokan aikinta a Landan suka sa aka sassaƙa irinsu, suka ba 'yan wasan jifan mashi shida, aka ga suna samun abin da suka auna daga nisan da ya kai mita 20, da ƙarfin da zai iya kashe dabba. Da aka sake bin itatuwan wurin ɗaya bayan ɗaya, rahoton 2024 ya lissafa guda 187 da hannun mutum ya taɓa: aƙalla mashi 10, kere 7, da wasu tsagaggun itatuwa da ake jin na huda fata ne da gyaranta.

Shekarun wurin har yau ana ja-in-ja a kansu. Thieme ya ce 400,000 lokacin da ya sanar da duniya a mujallar Nature a 1997. Daga baya aka sauko zuwa 300,000, aka daɗe a nan. A 2025 wata tawaga ta auna sinadaran da ke cikin murfin bawon wasu ƙananan dodon koɗi na tafkin, ta ce 200,000 ne, wato zamanin mutanen Niyandatal ke nan; wasu masanan da suka yi aiki a wurin ba su gamsu ba. Ba a sami ƙashin mutum ko ɗaya ba a ramin. Dawaki kuwa an sami fiye da 50, manya-manya, irin da masana ke kira Equus mosbachensis, wanda babbansa kan kai rabin tan.

Mu da muka tashi muka ga doki da sirdi da linzami, ana ba shi harawa da dawa da kanwa a barga, ana caɓa masa ado ranar hawan salla, da wuya mu kalle shi a matsayin naman daji. A mazhabar Malikiyya ma da akasarinmu ke bi, mashahurin zance shi ne ba a cin namansa. Amma hawan doki jiya-jiya aka fara shi in aka gwada da farautarsa. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa dawakan gida na yau tsatsonsu daga yankin kogunan Volga da Don yake, a kudancin Rasha, kuma kimanin shekara 4,200 ke nan da suka fara bazuwa. Farauta kuwa ta doshi shekara rabin miliyan. Tambayar da ta dame ni ita ce: yaya mutum mai ƙafa biyu, ba kare, ba baka, ba abin hawa, yake kashe dabbar da ta fi shi gudu, ta fi shi ji, ta fi shi jin wari, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba? Mashi rabin amsa ne. Sauran rabin yana jikin dokin.

Ƙasar ciyawa

Zamanin da ake kira na ƙanƙara ya faro ne kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, ya ƙare shekara 11,700 baya. Ba sanyi ɗaya ba ne miƙaƙƙe. Sanyi kan zo ya daɗe, ɗumi ya ratsa, sanyi ya komo. Schöningen kanta a ƙarshen wani lokacin ɗumi aka yi farautarta, daji yana ja da baya, fili yana buɗewa. A tsananin sanyi na ƙarshe, wajen shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta binne arewacin Turai da kusan dukan Kanada, ta riƙe ruwan duniya har teku ta ja da kimanin mita 120. Tsakanin Saiberiya da Alaska busasshiyar ƙasa ce, dabba ta taka ta wuce.

Inda ƙanƙarar ba ta kai ba, daga Sifen har Yukon, fili ne na ciyawa da ƙananan ganyaye masu fure. Dale Guthrie na Jami'ar Alaska shi ya yaɗa sunan da ake kiransa da shi yanzu, wato filin mamot, saboda giwar nan mai gashi. Wuri ne mai sanyi da bushewa, ruwan sama kaɗan, dusar ƙanƙara ba kauri. Iska kan kwaso garin duwatsun da ƙanƙara ta niƙe ta watsa shi ko'ina kamar ƙurar hunturu, ƙurar ta kwanta ta zame wa ƙasa taki. Sama tangararan, rana tana dukan ƙasa da bazara, ciyawa ta yi tsiro mai kyau, ta bushe a tsaye ta zama abincin sanyi. Dabbobi uku ne suka fi yawa a ƙasusuwan da ake tonowa: mamot, da ɓaunar fili da ake kira bison, da doki.

Abin da ya ba doki wuri a nan cikinsa ne. Saniya da ɓauna da barewa suna tuƙa: su haɗiye, su dawo da shi, su sake taunawa, abinci ya jima a tumbi har a tatse amfaninsa. Dabara ce mai kyau in ciyawa tana da laushi. In ta tsufa ta zama kara-kara, sai ta toshe tumbin, dabba ta rame alhali cikinta a cike. Doki ba ya tuƙa. Tumbinsa ɗaya ne, ƙarami, a can babban hanji ne ƙwayoyin halitta ke narkar masa da ciyawa, abinci kuma ba ya daɗewa yake wucewa. Abin da yake samu a kowace loma bai kai na saniya ba, sai ya rama da yawan ci. Don haka busasshiyar ciyawar da za ta kayar da mai tuƙa, doki yana rayuwa a kanta. Haƙoransa dogaye ne, a nutse cikin muƙamuƙi, suna fitowa sannu a hankali yayin da ciyawa da ƙura ke cinye su. In dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, da kofato yake tonawa.

Amma kowace baiwa da kuɗinta. Dole doki ya yi kiwo wajen awa 16 a yini, kansa a ƙasa. Dole ya riƙa zuwa ruwa a kai a kai, musamman goɗiya mai shayarwa. Kofatonsa guda ɗaya mai tauri na ƙasa mai ƙarfi ne. A taɓo nutsewa yake yi.

Ba zato ake yi ba game da abin da suke ci. A 1968 masu haƙar zinariya a Selerikan, can saman kogin Indigirka a Saiberiya, suka ga ƙafafun doki sun leƙo daga rufin raminsu. Ingarma ne da ya haura shekara 30,000 a daskare, hanjinsa cike da ciyawa. A 2018 kuma, a ramin Batagaika na Yakutiya, ƙasa ta narke ta fito da wani dukushi mai shekara 42,000, wanda bai wuce sati biyu da haihuwa ba ya mutu. Gashinsa, kofatansa, har gashin hancinsa suna nan, an ma sami jini bai daskare ba a jikinsa. Alamu sun nuna cikin taɓo ya faɗa ya kasa fita.

Sai zamansu. Dawakan daji ba sa tafiya dubu-dubu a cakuɗe. Gida-gida suke: ingarma ɗaya, goɗiyoyi kaɗan, da 'ya'yansu. Samarin da aka kora daga gida su haɗa nasu garken na tuzurai, suna yawo suna jiran ranar da za su ƙwace goɗiya. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, ta haifi ɗa ɗaya, yawanci a farkon fitowar ciyawa. In tsoro ya zo, iyalin a dunƙule suke gudu, sau da yawa babbar goɗiya a gaba, ingarma a baya tsakaninsu da abin tsoron, kuma ba sa son barin dukushi. Suna da turbobin da suka saba bi zuwa ruwa, suna maimaita su.

Bakin tafki

Duk wanda ya san waɗannan halaye ya riga ya ga yadda farautar Schöningen ta kasance. Da farko Thieme ya ɗauka garke guda aka kashe a rana ɗaya, wajen doki 20. Da aka bi haƙoran da kyau sai labari ya canja. Haƙori yana faɗin shekarun doki, na dukushi har watan da ya mutu yake nunawa, fiƙa kuma tana bambanta ingarma da goɗiya, domin goɗiyoyi galibi ba su da ita. Jarod Hutson da abokan aikinsa na cibiyar Monrepos sun tarar da goɗiyoyi da 'ya'ya da ingarmu kaɗan, daidai tsarin iyali, kuma mutuwar ta faɗo a kowane lokaci na shekara. Ashe ba rana ɗaya ba ce. Mutanen nan dawowa suke yi bakin tafkin nan, su sake dawowa.

Ga yadda nake ganin abin, kuma shi ne abin da ƙasusuwan suka fi goyon baya. Wasu su zagaya ta bayan iska su taso iyalin dawakin a hankali. Wasu su tare gefe. Tafki yana gaba, ya toshe hanya, ƙasar bakinsa kuma tana cin kofato. Masu mashi suna kwanton ɓauna cikin ciyayin gaɓa. Dabbar da a fili ba mai kama ƙurarta, a nan gudunta ya zama tafiya, haɗin kan da ke tsare ta daga kyarkeci kuma shi ya tara ta wuri guda. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, biyar ma da ƙyar. Sai an raba aiki tun kafin a fita, kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai tashi, kuma wanda ya yi gaggawa ya ɓata wa kowa. Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama, kuma ban ga inda maganar ta zauna daram kamar nan ba. Shekaru aka yi ana zana waɗannan mutane a matsayin masu bin saura, masu jiran zaki ya ƙoshi su tsinci ƙashi. Wanda ya zaɓi itace ya feƙe shi haka, ya kuma san ranar da dawaki za su sauko ruwa, ya wuce a kira shi mai tsintuwa.

Abin da ya biyo bayan kisa ma a rubuce yake a jikin ƙashi. Akwai sawun wuƙar dutse inda aka feɗe fata, da inda aka yanke nama daga cinya da kafaɗa. An fasa dogayen ƙasusuwa an kwashe ɓargo. Da yake bakin tafkin ba manyan duwatsu, da ƙashin ƙafar doki suke fasa wani ƙashin, da shi kuma suke gyara bakin wuƙaƙensu. Neman kitse ba kwaɗayi ba ne: jikin mutum ba ya iya rayuwa a kan jan nama zalla, in ba kitse ko abin da ke ba da ƙarfi daga tsiro, nama kansa sai ya zama cuta. A ƙasar da sanyi ke cin rabin shekara, ɓargo da kitse su ne rai. Fatar doki kuwa babba ce, ta isa mayafi.

Akwai wurin da ya girmi Schöningen, a Boxgrove da ke kudancin Ingila, mai kimanin shekara 480,000. Goɗiya ɗaya ce aka feɗe a can, a kan laka kusa da teku, ruwa ya zo ya lulluɓe wurin da tattausar ƙasa kafin komai ya motsa. Matthew Pope da tawagarsa sun harhaɗa ɓarɓashin dutsen ƙyastu fiye da 1,700, suka gano an sassaƙa manyan wuƙaƙen dutse takwas a gefen gawar. A wani wurin ɓarɓashin ya zuba ya bar siffar ƙafafun mai sassaƙar inda ya durƙusa. Sun ƙiyasta mutum 30 zuwa 40 ne suka taru a kan dokin nan. Wannan ya wuce 'yan farauta. Gari ne guda, da yara da tsofaffi.

Dutsen Solutré da labarin da ya ƙi mutuwa

In ana maganar farautar doki, ba wurin da ya kai Solutré suna. Wani dutse ne a yankin Burgundi na Faransa, kusa da garin Mâcon, ya taso daga cikin gonakin inabi, gefe guda a kwance, gefe guda a yanke tsaye. A 1866 Adrien Arcelin da Henry Testot-Ferry suka fara tono a gindinsa, suka tarar da ƙasusuwan dawaki da suka wuce misali. Filin ya haura hekta 1. A wani hawan ƙasusuwan sun cakuɗe sun daskare sun zama kamar dutse, kaurinsu ya kai mita 1 ko fiye. Ƙiyasin yawan dawakin ya kama daga 32,000 zuwa 100,000, an tara su cikin shekara wajen 20,000.

A 1872 Arcelin ya wallafa wani ƙagaggen labari a kan mafarautan wurin, a ciki ya sa suna koro garken dawaki zuwa ƙolin dutsen, su afka ƙasa. Masu zane suka ɗauka, littattafan makaranta suka ɗauka, har yau akwai masu ba da shi a matsayin tarihi. Labari ne mai daɗin ji, amma ƙasa ba ta yarda da shi ba. Jean Combier, wanda ya sake buɗe tonon a 1968, da Sandra Olsen, wadda ta yi nazarin ƙasusuwan ta wallafa a 1989, sun nuna cewa tarin ba a ƙarƙashin yankakken gefen yake ba, yana can gefen kudu, nesa da inda abin da ya faɗo zai sauka. Ƙasusuwan ba su da irin karayar faɗuwa daga sama. Halin doki ma bai ba da haka ba. Ɓaunar Amurka, wadda mutanen can suka riƙa korowa kan gaɓa da gaske, dubbai take tafiya, na baya suna tura na gaba. 'Yan dawaki goma da ke ganin gabansu ba za su hau tudu su bi ta bakin rami ba, juyawa za su yi.

Bayanin Olsen ya fi sauƙi, kuma a ganina ya fi girmama mafarautan. Dawakin suna cin sanyi a kwarin kogin Saône, inda ciyawa take, in ɗumi ya zo su hau tuddan yamma. Hanyarsu ta ratsa tsakanin Solutré da wani dutsen maƙwabcinsa. Mafarauta su jira su a nan, su karkatar da su daga turba zuwa wani lungu a jikin dutsen, inda manyan duwatsu suka zube suka hana gudu, su soke su. Mafi yawan kisan a watannin ɗumi aka yi shi. Wannan sani ya wuce daga kaka zuwa jika, al'umma ta shuɗe wata ta zo da nata salon sassaƙa dutse, lungun yana nan, dawaki suna bi ta gabansa. A lokacin da sanyi ya kai maƙura ne kawai barewar ƙanƙara ta fi doki yawa a ƙasusuwan wurin.

Wani abu a Solutré yana da nauyi a zuciya. Gawarwaki da yawa ba a ci su sosai ba. Ana samun ƙashin baya ko ƙafa a jere yadda suke a jiki, sawun wuƙa kaɗan. In an rutsa iyali guda a lungu, kashewa ake yi gaba ɗaya, a ɗebi mai kyau a bar saura. Masu son su ce mutanen da ba sa ɓarna, sai su zo su dubi wannan. Mutane ne irinmu, da gwanintarsu da wuce gona da irinsu.

Su ne kuma suka zauna suka zana dokin. A kogunan dutse na Faransa da Sifen babu dabbar da aka zana kamarsa, kusan kashi 30 cikin 100 na dabbobin bango doki ne. A kogon Chauvet, wanda aka gano a 1994, akwai kawunan dawaki huɗu a jere da aka yi da gawayi fiye da shekara 30,000 baya, ɗaya baki a buɗe. A Lascaux dawaki sun haura 300, alhali ƙasusuwan abincin da aka tarar a ƙasan kogon akasari na barewar ƙanƙara ne. Ke nan ba abin da ke cikin tukunya kawai suke zanawa ba. A Vogelherd ta Jamus an sami ɗan doki na hauren mamot, tsawonsa bai kai santimita 5 ba, wuyansa a lanƙwashe irin na ingarma mai nuna isa. Dawakan Pech Merle masu ɗige-ɗige an daɗe ana cewa ƙirƙira ce ta mai zane, sai a 2011 aka duba ƙwayoyin gadon tsofaffin dawaki 31, aka sami 6 ɗauke da gadon wannan launi. Mai zanen abin da idonsa ya gani ya sa a bango: geza a tsaye, ciki fari-fari, gashin sanyi yana sauka a haɓa.

Da ciyawa ta tafi

An yi dubban ɗaruruwan shekaru ana farautar doki bai ƙare ba. Sai ga shi cikin 'yan dubban shekaru, a ƙarshen zamanin ƙanƙara, ya ɓace daga nahiyar Amurka gaba ɗaya, nahiyar da a cikinta kakanninsa suka samo asali, bai sake taka ta ba sai da Sifaniyawa suka kawo shi cikin jiragen ruwa daga 1493. A Turai da Asiya ya ragu ƙwarai, ya koma tsibiri-tsibiri.

Ɗumi ya zo da danshi, danshi kuwa shi ne abokin gabar filin mamot. A arewa ƙasa ta jiƙe ta zama fadama mai gansakuka da gajerun itatuwa masu ɗacin ganye, waɗanda masu tuƙa ke iya ci, doki bai iya ba. Dusar ƙanƙara ta ƙara kauri. A Turai daji ya rufe fili. Guthrie ya auna ƙasusuwan ƙafar dawakan Alaska, a 2003 ya nuna cewa jikinsu ya yi ta ƙanƙancewa kafin su ɓace, alamar abinci ne ya gaza. Amma mutum ma yana wurin. A Wally's Beach da ke Alberta ta Kanada an sami dawaki bakwai da raƙumi ɗaya da aka feɗe kimanin shekara 13,300 da suka wuce, kusa da mashigin kogi. Dabarar bakin ruwa ce dai aka sake yi a wata nahiya. Wani babban nazari na 2011 da ya haɗa ƙwayoyin gado da tarihin yanayi ya kammala cewa karkanda mai gashi sauyin yanayi kaɗai ya isa ya bayyana ƙarewarta, amma doki da bison na Turai da Asiya abu biyu ne suka haɗu a kansu, yanayi da mutum. Wannan ya fi kwanta mini. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara, in makiyayarta ta tsuke ta koma 'yan wurare da kowa ya sani, ba sai an kashe da yawa ba kafin mutuwa ta fi haihuwa.

Akwai masu juya zancen. Sergey Zimov, masanin Rasha, yana ganin dabbobin ne suke riƙe da filin: suna cin ciyawa, suna tattake gansakuka, suna zuba taki, don haka da aka rage su ne filin ya mutu. Tun 1996 yake gwada wannan a wani killataccen fili kusa da Chersky, bakin kogin Kolyma, inda ya zuba dawakan Yakutiya da wasu dabbobi ya ga ko ciyawa za ta dawo. A inda dabbobin suka yi yawa ta dawo. Ko hakan zai yiwu a faɗin nahiya, wannan magana ce da ba a gama ba.

Dokin daji na Turai da ake kira tarpan ya kai har ƙarni na 19 a filayen Yukren da Rasha kafin a ƙarar da shi. Wanda ya rage shi ne takhi na Mongoliya, wanda Turawa ke kira dokin Przewalski: gajere, kakkaura, launin ƙasa-ƙasa, geza a tsaye, ka rantse daga bangon Lascaux ya sauko. Shi ma saura ƙiris. Ganin ƙarshe da aka yi masa a daji a 1969 ne, kuma duk na yau daga dawaki 12 da aka kamo suka fito, aka yi ta kiwonsu a gidajen namun daji. A 1992 aka fara mayar da su Mongoliya, a Hustai da Takhin Tal. Yawancin abin da masana ke faɗi game da zaman iyali da turbobin dawakan da, daga kallon waɗannan da sauran dawakan da suka koma daji aka samo shi.

Sun kuma nuna inda rauninsu yake. A sanyin 2009 zuwa 2010 aka yi abin da Mongolawa ke kira dzud, dusar ƙanƙara mai kauri da sanyi mai kisa. Jakunan daji na yankin Takhin Tal suka yi ƙaura zuwa yamma inda abin ya yi sauƙi, suka tsira. Takhi suka tsaya a makiyayar da suka sani, kusan kashi 60 cikin 100 suka mutu. Daga 2011 gidan namun daji na Prag ya riƙa kai ƙarin goɗiyoyi Mongoliya cikin jiragen sojan ƙasar Cek, garken ya farfaɗo. A watan Yunin 2024 aka sauke guda bakwai, ingarma ɗaya da goɗiyoyi shida, a filin Altyn Dala na tsakiyar Kazakistan, da niyyar a kai wajen 40 cikin shekara biyar.